Motar Sintiri a Tafin Hannu: Nazari Kan Masu Haɗa Ƙananan Motocin 'Yan Sanda

A watan Satumba na 2011 masana'antar Ford da ke St. Thomas, a lardin Ontario na Kanada, ta fitar da Crown Victoria ta ƙarshe, motar da ta shafe kusan shekara 20 tana sintiri a yawancin biranen Amurka. Makomar irin waɗannan motoci idan sun gama aiki sananniya ce. Sai a kwance fitilun rufi da jiniya da oba-oba, a ɓamɓare tambarin runduna daga ƙofa, a kai su gwanjo. Wasu su koma tasi, wasu su ƙare a hannun 'yan gwangwan. Motar attajiri takan samu mai killace ta a rumfa yana goge ta shekara da shekaru, amma motar aiki ba ta da wannan gata, balle wadda hukuma da kanta take cire wa alamominta kafin ta bar hannunta. Wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin masu haɗa ƙananan samfuran motocin 'yan sanda da muhimmanci. Ra'ayina shi ne, idan aka yi aikin yadda ya kamata, adana tarihi ne: tarihin irin fuskar da hukuma ta zaɓa ta nuna wa talaka a bakin titi. Darajarsa kuma tana ga daidaito, ba ga ƙaunar 'yan sanda ko ƙinsu ba.

Harkar tana da reshe biyu, kuma yana da kyau a bambance su. Na farko shi ne motocin zubin ƙarfe da ake saye a haɗe a fente, irin na Dinky Toys da kamfanin Meccano na Liverpool ya fara fitarwa a 1934, da Matchbox a 1953, da Corgi a 1956. Mai tara waɗannan saye yake yi ya jera. Reshe na biyu, wanda shi ne abin nazarinmu, ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ƙware wajen zuba roba mai tauri a cikin mazubi. Kamfanin AMT na jihar Michigan ya faro ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfuran talla, sannan a 1958 ya shiga sayar da su a wargaje cikin kwali domin mai saye ya haɗa da hannunsa. Ma'aunin da ya zauna a Amurka shi ne 1:25, wato kowane santimita ɗaya a samfuri yana wakiltar 25 a ainihin mota, yayin da kamfanonin Japan irin su Tamiya da Aoshima da Fujimi, dukansu a Shizuoka, suka fi riƙe 1:24. Sai dai kamfanonin nan kasuwa suke bi, kasuwa kuma motocin tsere da masu ƙofa biyu take so. Motar sintiri galibi mai ƙofa huɗu ce, ba ado, ba ƙyale-ƙyale, don haka kwalayenta ba su da yawa: Plymouth Fury ta 1968 daga Jo-Han, Ford Galaxie ta 1970 daga AMT, Dodge Monaco daga MPC, Crown Victoria daga Lindberg, sai Toyota Crown daga Aoshima da wasu ƙalilan. Idan aka tuna cewa Amurka kaɗai tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, daga na birni zuwa na gunduma zuwa na jiha, kowace da fentinta da tambarinta, za a gane cewa kwalin gangar jiki kawai yake bayarwa. Sauran aikin bincike ne.

Binciken kuwa ba ƙarami ba ne, domin kowane ɗan abu a jikin motar sintiri shawara ce da wani ya yanke a wani ofis saboda wani dalili. Wanda zai haɗa motar 'yan sandan jihar Michigan dole ya san shuɗin da suka riƙe tun shekarun 1950, da jar fitila guda ɗaya tilo a tsakiyar rufi, da ɗan allon nan mai haske a kan bonat da ake nuna wa direba don ya tsaya. Wanda ya zaɓi birnin New York sai ya fara tambayar shekara, domin kafin 1973 motocinsu kore da baƙi da fari ne, daga nan suka koma shuɗi da fari, sannan a ƙarshen shekarun 1990 suka zama farare masu ratsin shuɗi. A California doka ta tanadi jar fitila mai ci ba ƙyaftawa tana fuskantar gaba, kuma a Los Angeles ana rubuta manyan lambobi a rufin mota domin jirgi mai saukar ungulu ya gane ta daga sama. A Ingila ƙananan motocin da rundunar Lancashire ta fara amfani da su a 1965, waɗanda aka yi wa laƙabi da panda, alama ce ta sauyin tsari gaba ɗaya, inda aka ɗauke ɗan sanda daga yawon ƙafa a unguwa aka sa shi cikin mota da rediyo. Zanen murabba'ai na ruwan ɗorawa da shuɗi da ya zo a tsakiyar shekarun 1990 kuma an ƙirƙiro shi ne don a hango mota daga nesa a babbar hanya. A Italiya motocin Polizia sun bar kore irin na soja zuwa shuɗi mai haske a tsakiyar shekarun 1970, 'yan shekaru kafin dokar 1981 ta raba rundunar da tsarin soja. Jamus ta yi shekaru da kore da fari kafin ta koma shuɗi daga farkon shekarun 2000, jiha bayan jiha. Mutumin da ya jera samfura biyar na runduna ɗaya daga zamani daban-daban, ya kuma yi su daidai, ya ajiye labarin yadda hukuma ta riƙa sauya tunani game da kanta: wani lokaci tana son a ji tsoronta, wani lokaci tana son a kusance ta, wani lokaci tana son a gan ta tun daga nesa, wani lokaci kuma, kamar yadda yayin baƙaƙen motoci masu ɓoyayyen rubutu ya nuna a Amurka ta yau, ba ta son a gan ta sai ta iso.

Akwai masu cewa wannan ba fasaha ba ce, haɗa abin da wani ya ƙera ne kawai. Wanda ya faɗi haka bai duba abin da ma'auni yake tilastawa ba. Crown Victoria tsawonta ya kai kimanin mita 5.4, a ma'aunin 1:25 kuma sai ta dawo ƙasa da santimita 22. A wannan girman, kuskuren milimita ɗaya daidai yake da santimita biyu da rabi a ainihin mota, don haka layin da ya raba baƙi da fari idan ya karkace kaɗan, ido zai kama shi nan take. Fenti kansa matsala ne, domin idan ya yi kauri sai ya cike layukan ƙofa ya binne hannun buɗewa. Shi ya sa ake goge tabon mazubi da samfefa mai laushi, a fesa shimfiɗar farko, a fesa fari kafin baƙi tunda fari ba ya rufe baƙi cikin sauƙi, a jira ya bushe sarai, a rufe da salatif na musamman, sannan a fesa baƙin siriri-siriri har sau da yawa. Gam ɗin ma ba manna roba yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su haɗe su zama ɗaya, ɗigo ɗaya a kan gilashi kuwa ya ɓata shi ke nan. Sitika ana jiƙa ta a ruwa ta saɓule daga takardarta, kuma sai a kan fenti mai sheƙi take kwanciya lafiya; a kan mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Ƙari a kan haka, da yawa daga abin da ake buƙata babu shi a kwali: shingen da ke raba kujerar gaba da ta baya, ƙarfen turi a gaban bamba, fitilar hannu a gefen gilashi, baƙin wili na ƙarfe mai ɗan murfi a tsakiya, eriya da ake yi da siririyar waya. Kwalin kamar yadi ne a hannun tela. Kowa zai iya sayensa, amma ba kowa ke fitar da riga daga cikinsa ba.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi: idan tarihi ake so, ai akwai hotuna. Gaskiya ne hoto shi ne shaida ta farko, samfuri kuwa bayansa yake bi, kuma samfuri yana iya yin ƙarya. Kamfanoni sun sha saka sitikar rundunar da ba ta taɓa amfani da wannan motar ba, ko ta rundunar da babu ita sam, wasu kwalayen kuma fina-finai da shirye-shiryen talabijin suka kwaikwaya, ba titi ba. Amma hoto gefe ɗaya yake nunawa, yawancin tsofaffin hotuna baƙi da fari ne, kuma da wuya mai hoto ya damu da rufi ko cikin but ko ƙasan dashbod. Mai kallon hoto yana iya wucewa ba tare da ya tambayi launin kujera ba. Mai haɗa samfuri ba shi da wannan damar, domin dole burushinsa ya taɓa kujerar da wani launi. Wannan tilas ce ke tura shi neman kundin kamfanin mota, da lambar fenti, da tsofaffin jami'ai da makanikan gareji, yana gwada maganar wannan da ta wancan. Ko fitilar rufi kaɗai takan tona shekara: doguwar Twin Sonic ta kamfanin Federal ta fito ne a 1968, don haka ganinta a kan motar da ake cewa ta 1962 ce kuskure ne da 'yan harkar ba sa bari ya wuce. Tambayoyin da samfuri ya haifar sukan fi samfurin kansa amfani.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta ɗabi'a. Ga mutane da yawa motar 'yan sanda ba abin sha'awa ba ce. Ita ce ta tafi da ɗansu bai dawo ba. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayu na 2020, an soke shirin talabijin na Cops daga tashar da ke nuna shi, kamfanin Lego kuma ya dakatar da tallata kayan wasansa masu siffar 'yan sanda na wani lokaci. A shekarar ce kuma matasan Najeriya suka fito zanga-zangar EndSARS. Mai wannan hujja yana cewa ƙanƙanta motar da goge ta har ta yi sheƙi wanke ta ne daga abin da aka aikata da ita. Ban raina wannan magana ba, kuma na yarda cewa akwai samfuran da yabo ne zalla, musamman ganin cewa da dama daga masu harkar jami'ai ne ko 'ya'yansu. Sai dai maganin tarihin da aka wanke shi ne tarihin da aka cika, ba share shi ba. Hukumomi da kansu sun san ƙarfin fenti, shi ya sa idan suna son a manta da wani zamani sukan fara da sauya shi. Motocin 'yan sandan Afirka ta Kudu masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda mazauna Soweto suka sani a zamanin wariyar launin fata, sun koma farare masu shuɗi daga baya. A Arewacin Ireland, Land Rover masu sulke da rundunar RUC ta yi amfani da su da launin toka an mayar da su farare masu murabba'ai bayan kafa sabuwar runduna a 2001. Sauyin yana da dalilinsa mai kyau, amma yana kuma ɓatar da kamannin abin da mutane suka gani da idonsu. Wanda ya haɗa tsohuwar motar da ragar ƙarfe a tagoginta, da lotsawar jifa a jikinta, da ƙurar hanyar da ta bi, bai yabi kowa ba. Ya ajiye shaida ce a siffar da yaro zai iya zagayawa ya duba ya yi tambaya.

Zargin cewa wasan yara ne ba ya buƙatar dogon martani. Ƙungiyar masu wannan harka ta duniya, IPMS, an kafa ta a Birtaniya tun 1963, kuma baje-kolinta na shekara-shekara a Telford manya ne ke cika shi. A ƙasar Hausa ma ba baƙon abu ba ne yaro ya fere karan dawa ko ya yanka langa-langa ya fitar da mota, har ya kwaikwayi jiniya da baki. Abin da ya bambanta yaron da mai haɗa samfuri shi ne ma'auni, da kayan aiki, da al'ummar da ke ƙarfafa mutum ya ci gaba bayan ya girma. Inda giɓin yake a wurinmu shi ne abin da ake haɗawa. Manyan kamfanonin sun karkata ga motocin Amurka da Japan da Turai, alhali Peugeot 504 da masana'antar PAN ta Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975 ta yi wa 'yan sandan Najeriya sintiri shekaru masu yawa, haka Land Rover kafin ta, haka Hilux a yau. Na'urar da ke buga abu mai jiki daga zanen kwamfuta, da takardar sitika da ake bugawa a gida, sun rage dogaro da abin da kamfani ya ga dama ya fitar, don haka gangar jikin 504 ba ita ce mai wuya ba yanzu. Mai wuyar shi ne bayanin: wane shuɗi ne, a ina aka rubuta sunan runduna, wace fitila ce a rufi, a wace shekara aka sauya. Wannan sani yana wurin direbobin 'yan sanda da suka yi ritaya, da masu fenti da marubuta allo da suka yi wa gwamnati kwangila, da albam ɗin iyalai, kuma duk wanda zai haɗa motar sintirin Kano ko Kaduna ta shekarun 1980 da gaske, daga wurinsu zai fara.