Kitabul Farƙi da Masu Nazarin Mulkin Haɓe

Tun daga 1960, lokacin da Mervyn Hiskett ya buga fassarar Kitabul Farƙi da Turanci, manazarta da dama suka mayar da wannan ɗan littafi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo madubin da suke duba mulkin sarakunan Haɓe da shi. A ganinmu akwai gyara a nan.

Shehu malamin fiƙihu ne mai kafa hujja. Manufarsa ita ce ya rarrabe tsakanin mulkin Musulunci da wanda ba shi ba, saboda haka ya zayyana jangali da kuɗin gari da gaisuwa a matsayin zalunci. Wannan hukunci ne na shari'a, kuma ya cika aikinsa. Amma wanda ya ɗauki hukuncin ya ce shi ne cikakken tarihin Gobir ko Kano, to ya ɗora wa littafin kayan da ba nasa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake tsayawa a 1804, sai ka ce da an yi jihadi an gama magana. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya bar rundunar wajen 1807 don ɓacin rai da halin waɗansu jagorori, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Da Barth ya iso Kano a 1851 kuwa, ya tarar kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, a ƙarƙashin sarkin da ke bin Sakkwato.