Tarihin Kano Ko Tarihin Fada?

Duk wanda ya yi niyyar rubuta tarihin Kano, littattafai biyu yakan fara dubawa. Na farko shi ne tsohon kundin nan na Larabci wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, mai jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. Na biyu kuwa Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958.

Ba mu raina aikin magabatan nan ba, don da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ke damunmu shi ne, yawancin waɗanda suka biyo baya sun kasa fita daga ƙofar fada. Wane ya hau, ya yi yaƙi, ya shekara kaza, ya rasu. Za a gaya mana Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, amma su wa suka ci kasuwar? Ina marinan Ƙofar Mata? Ina fataken goro masu zuwa Gwanja? Ɗalibanmu sukan haddace sunayen sarakuna, su ci jarrabawa, ba su haɗu da kakanninsu ko a shafi ɗaya ba.

Yusufu Bala Usman ya nuna wata hanya a littafinsa kan Katsina na 1981, inda ya duba garuruwa, sana'o'i da fatauci. Sai dai da Turanci ya rubuta.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta: a ɗauki alƙalami a nemi tsofaffin unguwa tun suna raye. In sun tafi, ba wani kundi da zai maye mana gurbinsu.