Rigar Fugu da Yawan Launi

Wanda ya ratsa babbar kasuwar Tamale zai ga rigunan fugu, waɗanda ake kira batakari, rataye jere-jere. Waɗansu baƙi da fari ne da shuɗi. Waɗansu kuwa an tara musu ja da kore da rawaya da ruwan hoda, aka kuma bi wuyansu da zare mai ƙyalli na keke. Na biyun sun fi kama ido daga nesa, amma na farkon sun fi kyau, kuma akwai dalili.

Masaƙi yana saƙa ƙyallen fugu siriri, faɗinsa kamar inci 4. Maɗinki ya harhaɗa su a tsaye, daga ƙugu zuwa ƙasa ya shigar da alwatika domin rigar ta buɗe. Kyan fugu yana cikin wannan buɗewa. A bikin Damba, sa'ad da mai rawa ya juya, gindin rigar yakan tashi ya yi da'ira kamar laima, layukan tsaye su baje daga kafaɗa. In launi biyu ne ko uku, ido yana iya bin kowane layi har ƙarshensa. In sun kai bakwai, sai su cakuɗe, mai kallo ya ga hayaniya kawai, wahalar maɗinki ta tafi a banza.

Ƙarancin launin nan ya fito daga marina. A Daboya, garin Gonja da ke bakin kogin Farin Volta yamma da Tamale, ana tsoma zare cikin ramin baba, kamar yadda ake yi a Ƙofar Mata ta Kano. Tsomi kaɗan ya ba da shuɗi mai haske, tsomi da yawa ya kai kusan baƙi. Da wannan da farin auduga masaƙa suka fitar da zane mai kama da gashin zabuwa, irin wanda Hausawa suke kira saƙi. Mai abu kaɗan a hannu dole ya yi lissafi: zare nawa fari, zare nawa baƙi, ina za a sa jan layi ɗaya tak. Zaren kanti ya ɗauke wa masaƙi wannan lissafi, har wani ya ɗauka yawan launi shi ne gwaninta.

Ba za a ga laifin masaƙa su kaɗai ba. Zaren kanti ya fi araha, ba ya zuba a wanki kamar baba, kuma abin da mai saye ya nuna da yatsa shi ake saƙawa. Sai dai duk rigar da aka saya saboda ƙyalli, ciniki ne ya wuce marinin Daboya.

Kwame Nkrumah da abokansa fugu suka sa a filin Polo na Accra a daren da aka shelanta 'yancin Ghana, 6 ga Maris 1957. Hotunan daren baƙi da fari ne, duk da haka layukan rigunan sun fito sarai.