Ƙwaya Uku Cikin Dubu Ɗari

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit da wanda ake haƙowa a Kanada, in aka ƙirga ƙwayoyin zarrarsu, lissafi ɗaya suke bayarwa. A cikin kowace ƙwaya 100,000, kimanin 720 ne masu nauyin 235, sauran kusan duka masu nauyin 238 ne. Sinadarin ɗaya ne, nauyi kawai ya raba su, kuma su ne masana ke kira aisotof. Har duwatsun da aka ɗebo daga duniyar wata wannan kason suka nuna.

A shekarar 1972, masu awo a masana'antar Pierrelatte da ke Faransa suka gwada wani yuraniyom, sai suka samu 717 maimakon 720. Ƙwaya uku kacal suka yi ɓatan dabo.

Ta yaya ma mutum ke ƙirga abin da ido ba ya gani? Ana mai da yuraniyom ɗin iska, a sa wa ƙwayoyinsa cajin lantarki, a harba su a guje ta tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfi. Kamar yadda iska ke kwasar ƙaiƙayi ta bar tsaba in ana shiƙar gero, haka maganaɗisun ke karkatar da ƙwaya mara nauyi fiye da mai nauyi, kowace ta sauka a nata gurbin, a auna yawanta. Francis Aston ne ya ƙera irin wannan na'ura a Kambirij a 1919. Amma na'ura lamba kawai take bayarwa. Gwanintar tana wurin mai awon da ya san injinsa ciki da bai, wanda ya gwada shi da samfurin da aka tabbatar da kasonsa, har ya iya cewa wannan giɓin ba daga ƙura ko gajiyar inji ya fito ba. Wani da ya ga 717, da sai ya ce ai kusan ɗaya ne, ya wuce. Wannan taka-tsantsan ɗin ne ke burge ni ƙwarai.

Aka bi sawun kayan har mahaƙar Oklo a Gabon. A can aka tarar da duwatsun da kasonsu ya faɗi zuwa kusan 440. Sai aka auna wani sinadari, niyodimiyom. A ko'ina, kimanin kashi 27 cikin ɗari nasa mai nauyin 142 ne, amma a Oklo bai kai kashi 6 ba, domin tsagewar yuraniyom tana haifar da sauran nau'o'insa, ban da wannan. Hujja ta cika: yuraniyom ɗin ya ƙone ne da kansa a ƙarƙashin ƙasa, wato ƙwayoyinsa sun yi ta tsagewa.

Dalilin yana cikin lissafin lokaci. Rabin mai nauyin 235 yana ruɓewa cikin shekara miliyan 704, na 238 kuwa sai biliyan 4.5. Saboda haka shekara kusan biliyan 2 da suka wuce, kason 235 ya kai kashi 3 cikin ɗari, kwatankwacin man da tashoshin nukiliya ke amfani da shi yau. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya rage gudun nutron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsaga yuraniyom, wuta ta kama. Wani masani, Paul Kuroda, ya yi hasashen haka tun 1956.

A 2004, Alex Meshik da abokan aikinsa suka auna aisotof na iskar zinon da ta maƙale a dutsen, suka gano cewa wutar kan ci kimanin minti 30 har ruwan ya tafasa ya ƙafe, ta mutu na awa biyu da rabi, sannan ruwa ya dawo ta sake kamawa.