Mazantaka da Gadon Imani: Tsokaci a kan Littafin Wild at Heart na John Eldredge

Gabatarwa

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna ci wa majami'un Furotesta na Amurka tuwo a ƙwarya akwai ƙarancin maza a wuraren ibada idan aka kwatanta da mata, da fargabar cewa 'ya'ya za su tashi ba su riƙi addinin iyayensu ba. A shekarar 1990, Bill McCartney, mai horar da 'yan ƙwallo a Jami'ar Kolorado, ya kafa ƙungiyar Promise Keepers domin tara maza a filayen wasa su ɗauki alkawarin riƙon amanar iyali da ibada. Ranar 4 ga Oktoba 1997 ƙungiyar ta tara dubban ɗaruruwan maza a birnin Washinton. A cikin wannan yanayi ne John Eldredge ya fitar da littafinsa Wild at Heart a 2001, wanda ya zama abin karantawa a zumuntar maza ta majami'u da dama. Wannan maƙala za ta auna littafin da ma'auni biyu waɗanda mabiyansa ba za su ƙi ba: nassin Littafi Mai Tsarki na Kirista, da sakamakon binciken masana zamantakewa.

Da'awar Marubucin

Eldredge ya gina littafinsa a kan cewa Ubangiji ya halicci namiji da buri uku: yaƙin da zai gwabza, kasadar da zai shiga, da macen da zai ceto. A ganinsa, majami'a ta danne wannan fiɗira, ta mai da namiji mutumin kirki marar karsashi, shi ya sa ya gaji da ita. Ya ƙara da cewa kowane yaro yana ɗauke da tambaya a zuciyarsa game da ko ya isa namiji, kuma uba ne ya kamata ya amsa masa. Idan uba ya gaza, ko ta hanyar cin zarafi ko ta hanyar shiru da nisa, sai ɗan ya girma da miki a zuci.

Insafi ya wajabta a ce wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi a littafin. Marubucin ya fahimci cewa yaro kan fara suranta Mahaliccinsa ta yadda ya ga mahaifinsa, kuma ya ba maza damar faɗin abin da al'ada ta hana su faɗa. Wannan ne sirrin karɓuwar da ya samu.

Raunin Hujja ta Fuskar Nassi

Matsalar tana cikin tushen da aka ɗora ginin. Eldredge ya kafa hujja da cewa an halicci Adamu a wajen gonar Adnin sannan aka shigar da shi, don haka zuciyar namiji ta daji ce. Amma sura ta 2 ta littafin Farawa, wadda ya dogara da ita, ta bayyana cewa an sa Adamu a gonar ne domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Aikin farko da nassin ya ɗora wa namiji kulawa ce da dawwama a kan aiki, wato akasin abin da aka ciro daga cikinsa.

Haka kuma, misalan da suka fi ɗaukar hankali a littafin daga finafinai suke, irin su Braveheart na 1995 da Gladiator na 2000. Wannan juya manhaji ne: an fara zana surar jarumi daga majigi, sannan aka koma nassi neman abin da zai yi daidai da ita. Wasu malaman tauhidin Kirista ma sun yi masa raddi a kan siffanta Ubangiji da mai ɗaukar kasada, domin kasada tana lizimtar rashin sanin ƙarshen al'amari.

Game da gadon imani kuwa, wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti ta jingina imanin Timoti ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, alhali littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci mahaifinsa a matsayin Bahelene. Bulus kuma ya kira shi ɗansa, ya raine shi shekara da shekaru a tafiya da koyarwa. Sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a ita ma ta umarci iyaye su koyar da 'ya'yansu a zaune a gida da tafe a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Surar da nassin ya bayar ta tarbiyya ce ta yau da gobe, wadda mata da kakanni da malamai suke da kaso a cikinta.

Abin da Bincike ya Nuna

A 2013, Vern Bengtson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya wallafa Families and Faith, wanda ya dogara da bibiyar iyalai sama da 350 na tsawon fiye da shekara 30. Natijarsa ta gaskata Eldredge a wuri guda: alaƙar ɗa da uba tana da babban tasiri wajen riƙon addini. Sai dai abin da ya gano yana tasiri shi ne kusanci da tausasawa. Uba mai yawan ibada amma mai kaushi da nisa yakan rasa 'ya'yansa, kuma kakanni suna da rawar da ba a cika lura da ita ba. Ke nan an gane cutar daidai, amma maganin da aka rubuta, wato farfaɗo da ruhin mayaƙi, bai dace da ita ba.

Tarihin Promise Keepers ma darasi ne game da zumunta. A farkon 1998, watanni kaɗan bayan taron Washinton, ƙungiyar ta sanar da sallamar ma'aikatanta saboda ƙarancin kuɗi. Taron dubbai yana motsa zukata na yini guda, amma ba ya maye gurbin ƙaramar jama'a da ta san mutum, take lura da rashinsa, take zuwa gaishe shi idan ya kwanta ciwo.

Kammalawa

Wild at Heart littafi ne da ya cancanci ɗalibin nazarin addinai ya karanta, domin yana nuna yadda al'adar zamani kan shiga fassarar nassi ba tare da mai fassarar ya ankara ba. Ya yi daidai da ya mai da hankali ga uba, ya kuma yi kuskure da ya taƙaita mazantaka a yaƙi da kasada. Namijin da ba shi da sha'awar dawa ko farauta, wanda rayuwarsa ta ƙare a neman halali da jinyar iyaye da zama da yara, ba shi da gurbi sosai a littafin, alhali nassin Kirista da binciken Bengtson duka sun nuna cewa a hannun irinsa ne addini ya fi saurin wucewa zuwa ga na baya.