Yajin Tako Daga Layin Attarai na Kasuwar Umdurman: Wannan Haɗi Ya Ci Tuta

Na yanke hukunci tun kafin a kira shaidu: a duk yajin da na taɓa zubawa a nama, babu wanda ya kama ƙafar wanda uwargida za ta daka da hannunta daga kayan ƙamshin layin attarai na Kasuwar Umdurman. Kai, jama'a! Ƙamshi ne da ke fita ta taga ya je ya yi sallama a gidan maƙwabta. Wadda ta saba da ɗan ƙullin leda na kanti, ranar da ta ɗanɗani wannan za ta yi ta tambayar kanta inda take tun da can.

Bari in fara da tako, don na san wasu sai a talabijin suke ganinsa. Abincin mutanen Meziko ne: siririn fanken masara ko na alkama, a zuba masa nama da albasa da tumatir da ɗan lemon tsami, a naɗe a ci da hannu. Amurkawa suka karɓe shi, kamfanoninsu suka haɗa masa yaji a ƙaramar leda mai nauyin giram 28, wadda ke isar wajen rabin kilo na niƙaƙƙen nama. Ledar nan ce ta shigo manyan kantunanmu da tsadar da sai ka sake duba takardar kuɗi. Idan ka juya bayanta ka karanta, za ka tarar da barkono da tattasai da kammun da tafarnuwa da albasa da gishiri, sai sitaci da sukari da sinadarin hana dunƙulewa. Dukkan na farkon nan suna zube buhu-buhu a Umdurman. Na ƙarshen kuwa babu mai bukatarsu a tukunya.

Na san kasuwar ne lokacin da nake karatu a Jami'ar Ahfad ta mata, wadda ke garin na Umdurman, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya ɓarke. Garin yana yammacin Kogin Nilu, daura da Khartoum, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Mahadi Muhammad Ahmad ne ya mai da shi cibiyar mulki bayan ya ci Khartoum a Janairun 1885. Da ya rasu a Yunin shekarar, Halifa Abdullahi ya tara ƙabilu daga kowace kusurwa ta Sudan ya zaunar da su a nan, kasuwa ta bunƙasa da su. Turawan Ingila sun karya daular Mahadi a yaƙin Karari a 1898, suka mayar da gadon mulki Khartoum, amma ciniki bai bi su ya haye kogi ba. Kowace sana'a da layinta: maƙeran zinariya, dukawa masu takalmin markub, masu gadon igiya da ake kira angareb, masu turaren wuta da humra, sannan attarai, wato masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya.

Layin attaran nan, wallahi ba sai an nuna maka hanya ba, atishawa ce za ta sanar da kai ka iso. Ga jar shatta, barkononsu ke nan, an tsiba ta a kwando. Ga zoɓorodo da suke kira karkade, ga tsamiya da kuka da goruba da aduwa da magarya, har mutum ya ɗauka a Kasuwar Kurmi yake. Ga busasshiyar kuɓewa da ake niƙawa a yi weka, ga kauɗar tumatir, ga busasshiyar albasa, ga hulba da kirfa da kanumfari da citta da habbahan na shayi da gahawa. Tsohon da na fi zuwa wurinsa, da ya hango ni sai ya ce, "Itfaddali, ya bitti," wato bismillah 'yata. In ce, "Ya ammi, shamar mai kyau nake so." Ba ya awo sai ya ɗebo kaɗan ya murza a tafin hannunsa ya miƙo mini in shinshina. Idan ban ji ƙamshin ya doki hancina ba, shi da kansa zai ture buhun ya jawo wani. Ana auna kaya da ratali, kimanin giram 450, da kuma wagiyya, wadda goma sha biyunta ke cika ratali. Ɗaliba mai ƙaramin aljihu tana iya sayen wagiyya ɗaya ta kowane iri, ta koma ɗaki da arzikin wata guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowace ƙwaya a haɗin nan tana da garinsu, kuma mai kaya ya san garin. Gishiri daga Fot Sudan yake zuwa, bakin Bahar Maliya. Tafarnuwa mai kaifi daga arewa take, wajajen Dongola. Gyaɗa ta Kordofan ce da Darfur da Jazira, riɗi na Gadarif. Baƙin masoro da kirfa da habbahan ta jirgin ruwa suke shigowa daga ƙasashen waje. Shatta kuwa, idan aka ce ta Gabanit ce, daga duwatsun jihar Shuɗin Nilu, to a yi hattara: ƙanana ce, amma ɗan tsinke ɗaya ya isa ya sa ƙato hawaye.

Akwai wani tarihi mai daɗi a cikin kwalbar yajin nan. Asalin barkono daga Meziko da maƙwabtanta yake, bai iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, lokacin da jiragen Turawan Fotugal da Sifen suka yaɗa shi a duniya. Kammun kuma ɗan wannan ɓangaren ne, Misirawan dā sun san shi tun zamanin Fir'aunoni, Sifaniyawa ne suka haye da shi can, tare da tafarnuwa da kusbara. Ashe abin da ake sayar mana a leda da sunan baƙon abinci, rabinsa daga gefen Nilu da Bahar Rum ya tashi.

Ga yadda nake haɗa nawa, kuma ina roƙon uwargida ta gwada ko sau ɗaya. A nemi kammun ɗanye wanda ba a niƙa ba, babban cokali biyu. A Sudan shamar za ki ce, shi suke barbaɗawa a kan ful, dafaffen wakensu, domin idan kika ce kammun ana iya miƙo miki habbatus sauda. A haɗa da 'ya'yan kusbara babban cokali ɗaya da masoro ƙaramin cokali ɗaya, a zuba a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ana juyawa. Ba a barin wurin ko da an kira ki a waya, don tsakanin gasuwa da ƙonewa ƙiftawar ido ce, kuma ƙonannen kammun ɗaci yake yi. Da launinsa ya ɗan yi duhu, ƙamshi ya tashi, a sauke a baza a faranti ya huce. Sai a zuba a turmi, wanda 'yan Sudan ke kira funduk, a daka. A kawo busasshen tattasai babban cokali uku, shi ke ba da ja da ɗan zaƙi. Shatta babban cokali ɗaya, ko rabi idan akwai yara a gidan. Busasshiyar tafarnuwa da busasshiyar albasa cokali ɗai-ɗai. Ganyen origano ƙaramin cokali ɗaya, idan babu shi za'atar ya wadatar, ko tayim ɗin da muke zubawa a dafa-duka, don dangin juna ne. Gishiri ƙaramin cokali biyu. A daka, a tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi a sake dakawa.

Sai sirrin da na ɗauko daga matan Umdurman: kauɗar tumatir. Su a miyar tagaliya suke zuba garinta, tare da soyayyiyar albasa da garin busasshen nama da suke kira sharmut. Na ƙara babban cokali ɗaya a yajin tako, sai ga wani ɗan tsami-tsami mai zaƙi da ke riƙe sauran kayan wuri guda, romon naman kuma ya yi kauri ba tare da sitaci ba. Ranar da na fara yin haka, ƙawayena na ɗaki sun suɗe kaskon tas, har da rigimar wa zai kankare ƙanzo.

Dalilin da dakan gida ke fin na leda a fili yake. Ƙamshin kammun da kusbara da masoro yana cikin wani mai ne da ke ɓoye a ƙwayar, kuma mai saurin bin iska ne. Muddin ƙwayar tana rufe, yana nan. Da an niƙa ya fara gudu, haske da zafi da damshi suna ƙara masa sauri. Garin da ya yi watanni a jirgi da sito da kanta ya riga ya zubar da rabin kayansa a hanya. Don haka kada a daka da yawa: wanda zai ƙare cikin wata biyu ko uku ya isa, a kwalba mai murfi, nesa da murhu, kuma kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Wajen girki ma akwai dabara. Zafin barkono da jan tattasai a mai suke narkewa, ba sa sakin jiki a ruwa. A soya albasa, a zuba ratali ɗaya na niƙaƙƙen nama ya yi ja, a barbaɗa babban cokali biyu na yajin ya soyu cikin man na ɗan lokaci, sannan a zuba ruwa rabin kofi a rage wuta har ya tsotse.

Fanken masarar Meziko ba shi da sauƙin samu, amma a Umdurman ban taɓa jin rashinsa ba. Kisra tana nan, siririya mai ɗan tsami, ta dawa, ana naɗe nama a ciki ya zauna daram. Gurasa ma ta yi, tasu ko tamu ta Jakara. A yanka albasa da tumatir da kokwamba, a matsa lemon tsami, a ɗiga dakwa, wato tunkuzar gyaɗarsu da ake damawa da shatta. Subhanallah! Loma ɗaya, ka ji tsami da yaji da maiƙo da ƙamshi kowa yana gaishe ka da sunansa.

Kwalbar nan kuma ba ta tako kaɗai ba ce. A ɗebi rabinta a ƙara garin ƙuli-ƙuli da citta da ɗan kanumfari, sai ga shi ta kama hanyar yajin agashe, naman gashin da duk Khartoum ke rububinsa da yamma. Agashe namu ne, tsiren ƙasar Hausa ne ya bi mahajjata masu tafiyar ƙasa ya zauna a Sudan. Hausawa da Fulani sun daɗe suna bin wannan hanya, kuma sun ƙaru sosai bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Jikokinsu ne suka koya wa 'yan Sudan cin nama da garin gyaɗa. Ina barbaɗa haɗin a soyayyen dankali, a wake da shinkafa, a ƙwai, a gasasshen kifi, har a ɗanwake, kuma ban ga inda ya ba ni kunya ba.

Aibinsa ɗaya ne da zan faɗa don adalci: ranar daka, duk gidan sai ya yi atishawa, musamman in an sa ta Gabanit. A daka a tsakar gida, a ɗaura ƙyalle a hanci, a kori yara, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido.

Ba zan rufe ba sai na ambaci halin da kasuwar ta shiga. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ratsa tsohon garin Umdurman, aka wawashe shaguna, wasu suka ƙone, 'yan kasuwa da dama suka koma Kasuwar Sabirin da ke Karari, wasu suka bar ƙasar. Sojoji sun karɓe tsakiyar Umdurman a 2024, Khartoum kuma a Maris na 2025, kuma masu shaguna sun fara komawa suna gyara. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar wa attarai da abin da suka rasa.

Kafin hanya ta buɗe, darasin layin attarai yana aiki a ko'ina: a sayi ƙwaya, a shinshina kafin a biya, a gasa, a daka kaɗan-kaɗan. Kusan duk kayan nan ana samunsu a Kasuwar Kurmi da ta Rimi da Sabon Gari a Kano, da manyan kasuwannin Katsina da Sakkwato da Maraɗi, wurin masu kayan yaji da masu magungunan Musulunci. Uwargida, amarya, har da kai tuzuru mai girki a risho, ku ajiye ledar kanti a wannan makon ku ɗauko turmi. Maki goma bisa goma na ba wannan haɗi, kuma da akwai na sha ɗaya da na ƙara.