Abu Ali da "Wasu Sojoji Shida": Tarken Yadda Muke Makokin Jarumi

Duk shekara in watan Nuwamba ya kama, akwai hoton da yake sake zagayowa a wayoyinmu. Wani siririn soja ne cikin kaki, fuskarsa ba ta nuna faɗa. A ƙarƙashin hoton kuwa sai kalmomin da duk muka haddace: zaki, namijin duniya, dodon 'yan Boko Haram, Sarkin Yaƙi. Mu danna alamar hawaye, mu rubuta "Allah ya jiƙansa", mu gangara zuwa labari na gaba.

Mai hoton shi ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliya ta 272 mai tankokin yaƙi. Yana cikin waɗanda suka ja gaba aka ƙwato Baga a watan Fabrairun 2015, makonni kaɗan bayan garin ya faɗa hannun Boko Haram. A watan Satumba na wannan shekarar, a Gamborun Ngala, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya ba shi lambar yabo ta jarumta, ya kuma ɗaga shi daga Manjo tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba. Ranar 4 ga Nuwamba, 2016 aka kashe shi a wani harin dare a Malam Fatori, yana da shekara 36. Ranar 7 ga wata aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, tare da wasu sojoji shida.

Yabon gwani ya zama dole, kuma babu abin da za mu rage daga nasa. Abin da muka baje a faifai yau shi ne namu aikin, mu masu alƙalami: baitocin da aka yaɗa a Facebook da WhatsApp bayan rasuwarsa, da rubuce-rubucen ta'aziyyar da ake maimaitawa duk shekara. Wanda ya jera su ya karanta a zama guda zai lura da abu ɗaya. Cire sunan Abu Ali ka sa na kowane namiji, ko ɗan damben unguwarku ne, baitin ba zai girgiza ba. Kirari muka yi masa, muka ɗauka marsiyya ce.

Kirari na mai rai ne. Lokacin da Ɗan Anace yake yi wa Shago kiɗa, yana ambaton mutuwa ne don ya ƙasƙantar da ita a idon mutumin da zai shiga fage yanzun nan, jikinsa ya tsuma ya manta da tsoro. Haka Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Haka kuma waƙoƙin soja da suka cika rediyon Kaduna a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, suka yi wa masu tafiya bakin daga. Zuga tana da ranarta. A farkon 2015, lokacin da labarin da ke fitowa daga Borno bai wuce na faɗuwar garuruwa ba, ƙasar nan tana bukatar wanda za ta nuna ta ce ga namiji, kuma ta same shi. Sai dai wanda aka riga aka sa a kabari ya wuce tsuma. In muka ci gaba da zuga shi, kanmu muke yi wa kiɗa: mu ji daɗin muna da jarumi, ba tare da mun ɗauki nauyin rashin mutum ba.

Ba sai mun yi nisa wajen neman ma'auni ba. Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, in ya wuce filin jirgi ba zai daɗe ba zai iso Boɗinga. Kusa da ita Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya yi nasa mazaunin a Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru, a 1813, Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a littafin Tazyinul Waraƙati, wanda Mervyn Hiskett ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a Ibadan a 1963. Marubucin shi ne ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, saboda haka ya san daɗin cin yaƙi, kuma ya waƙe shi. Ya kuma san ɗacin Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutum wajen 2,000 a ƙarshen wannan shekarar, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Bayanta ga asarar Alwasa a 1805.

Abu uku Malam Abdullahi yake yi in ya zo kan mamatan yaƙi. Yana kiran su da sunayensu, kamar yadda Muhammadu Bello ya jera sunayen shahidan Tsuntsuwa a Infaƙul Maisuri. Yana faɗin abin da shi kansa ya rasa da tafiyarsu, domin abokan karatu ne da ya saba da su tun ba a zare takobi ba. Na ukun ya fi ciwo: yana juyowa kan waɗanda suka rage. Ya dubi jama'ar da aka mutu dominta, ya ga hankalin wasu ya koma kan sarauta da tara abin duniya, ya faɗa a waƙa babu sakaya zance. Abin ya dame shi har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam kafin ya komo gida. Irin wannan marsiyya tana da tsada ga mai yin ta da mai jin ta, domin tana tambayar mai rai abin da ya yi da jinin da aka zubar.

To mu, wace tambaya baitocinmu suka yi wa wani? Tun a Disambar 2015 aka shaida mana an karya lagon Boko Haram, ga shi kusan shekara guda bayan haka an kashe kwamandan bataliya a harin da aka kawo wa sansanin soja. Da wuya ka ga baitin da ya tsaya a nan ko na layi biyu. Mun gwammace mu ce zaki ya faɗi, domin wannan magana ba ta neman amsa daga kowa, har da mu.

Nana Asma'u ta ƙara mana wani darasin. Ta yi wa ɗan'uwanta Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, amma ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, da Hauwa'u wadda take jagorantar mata 'yan taru zuwa ɗaukar karatu. A irin waɗannan waƙoƙi ƙananan ayyuka take lissafawa, na kirkin zama da mutane da riƙon zumunci, har mai sauraro ya ji kamar ya taɓa zama da matar. A wurinta girman muƙami bai zama sharaɗin samun baiti ba.

Akwai kuma wani gadon, shi ma a wannan yanki aka bar mana shi. Tsakanin Danchadi da Dange akwai kufan Satiru. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen garin, talakawa masu fartanya da gatari, suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawan mulki. Littattafan tarihin da ke ba da labarin suna kawo sunayen Turawa uku da suka mutu: Hillary da Scott da Laftanar Blackwood. Sojoji baƙar fata da suka faɗi tare da su, su fiye da 20, a adadi suke zuwa. Ranar 10 ga Maris aka dawo aka baje garin, aka kashe mutum wajen 2,000, su ma a adadi.

Da muka rubuta a sama cewa an binne Abu Ali "tare da wasu sojoji shida", harshen rahoton Satiru muka ara. Rundunar soja ta yi nata, ta bayyana sunayensu da muƙamansu, jaridu kuma suka buga. Mu ne muka ɗauki hafsa, ɗan tsohon gwamnan soja na Bauchi, muka sa shi a baiti, muka bar saje da kofur da farabiti a cikin lissafi. Mai karatu ya gwada tuno sunan ko mutum guda daga cikinsu.

Wani zai ce sunaye ba sa zama a baiti da daɗi, karin waƙa ba ya ɗaukar jeri. Amsarsa tana gaba kaɗan a kan hanyar da muka kamo, a garin Shagari. Tun yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, Alhaji Shehu Shagari ya tsara Waƙar Najeriya, ya zuba garuruwa da koguna da al'ummomin ƙasar nan cikin baitoci don yara su haddace. Karin da ya ɗauki sunayen koguna ba zai gaza ɗaukar sunan kofur da na garinsu ba.

Marubutan zube ma ba su kuɓuta ba. Soja ya cika littattafanmu na intanet: kyaftin ne ko manjo, dogo, miskili, ɗan masu kuɗi, ba ya dariya sai yarinyar labarin ta sauke masa girman kai. In an tura shi daji, don a ja zaren soyayya ne. A babi na 30 za a ce ya mutu, a na 35 ya faɗo gida ana shirin ɗaura mata aure da wani. Kakin nan ado ne kawai. Ba mu cika ganin kurtun da ya shiga soja don ya rasa aikin yi ba, ko matar da ke kwana da waya a hannu alhali babu sabis a inda mijinta yake, ko ranar da za ta ɗaure kayanta ta bar ɗakin bariki da ƙananan yara, ta fara zaryar neman haƙƙinsa. Labarin yana nan, mun kewaye shi ne don ba ya ƙarewa da biki.

Wasu sun riga mu gane haka. A irin wannan rana ta 4 ga Nuwamba, a 1918, aka kashe wani matashin hafsan Ingila mai suna Wilfred Owen a Faransa, yana da shekara 25, saura mako guda a tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ma ya sami lambar jarumta. Amma abin da ya sa har yau ake karanta shi a makarantu shi ne waƙoƙinsa, waɗanda suka nuna taɓo da sanyi da tsoro, da yadda yaro yake mutuwa a ramin yaƙi. Abin da mutanensa suka riƙe game da mutuwarsa kuwa shi ne cewa saƙon ya iske mahaifiyarsa ranar 11 ga wata, ana tsakiyar kaɗa ƙararrawar murnar ƙarewar yaƙi. Ɗan bayani irin wannan ya fi kiran zaki sau ɗari zama a zuciya.

Maganar nan ta daina zama ta Borno kaɗai. Sojoji suna bakin daga a Zamfara, da wajen Sabon Birni da Isa, da kan iyaka ta Tangaza da Gudu, kuma samarin Boɗinga da Shagari da Yabo suna cikin masu neman shiga horon kurata a Zariya. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara manyan ƙasa za su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san ko wane ne ba, a saki fararen tattabaru, a watse. Wannan aikin hukuma ne, kuma yana da kyau. Rabonmu shi ne sojan da aka sani, wanda uwarsa take nan da rai, wanda takalminsa na makaranta yake ƙarƙashin gado har yanzu.

Marubucin da yake son yi wa irin wannan yaro adalci sai ya ajiye waya ya je gidan. Ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya nemi izinin iyalin, sannan ya tambaya: me yake so a dafa masa in ya zo hutu, wa yake biya wa kuɗin makaranta, me ya ce a kiransa na ƙarshe, an kawo gawarsa ko kuwa labari kawai aka kawo. In ya dawo ya rubuta abin da ya ji, har da wanda ba zai yi wa manya daɗi ba. Jarumtar za ta fito da kanta, domin sai mun san abin da mutum ya bari a gida muke gane girman tsayuwar da ya yi a daji.

Allah ya jiƙan Muhammad Abu Ali, ya raya abin da ya bari. Ya ba iyalan shidan da aka binne tare da shi haƙuri, da iyalan duk waɗanda suka kwanta a dazukan ƙasar nan ba a yi musu ko baiti guda ba.